Alamomin da Na Goge wa Baba

Litinin, 3 ga Maris

Na'urar Baba ta yi magana yau. To, na'ura dai sunan girma na ba ta. Tsohuwar wayata ce mai faɗi, da 'yar manhajar da na rubuta da harshen kwamfuta na Python a lokacin hutun rana a ofis. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa baki da hannun dama, da yatsan hagu yake rubutu ya nuna mana. Na tattara duk abin da ya rubuta a watannin nan na zuba a fayil ɗaya, kowane layi ya zama maɓalli. Ya danna, murya ta faɗa. In sabon zance ne, ya rubuta a ƙasa ta karanta.

Matsala ɗaya. Layuka da yawa sun fito da alamar zancen wani a gefe da gefe, 'yan kunnuwan nan biyu-biyu. Muryar kuma sai ta kira su da sunansu na Turanci kafin ta shiga magana. Baba yana neman ruwa, ita tana kiran sunan alama. Ya harare ni. Hararar dai ciwo bai taɓa ta ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na nuna wa Injiniya, wanda teburinsa ke jikin nawa. Ya ce fayil ɗin ne ke nannaɗe layi da kunnuwa don kada ya ruɗe. Hanya biyu ce, in ji shi. Akwai umarnin strip, mai aske gefe da gefe kawai. Akwai kuma replace, shi wannan duk inda ya ga alamar sai ya kwashe, ba tambaya. Na ce a ba ni mai kwashewa, ba ni da lokacin aski. Layi ɗaya na rubuta, duk suka ɓace. Na ji daɗi har da juya kujera.

Abin da ya ɗan tsaya mini: wasu layukan kunne ɗaya ne a kowane gefe, wasu kuma uku-uku. Me ya sa uku? Na so in tambaya, aka kira shi waya.

Alhamis, 6 ga Maris

Muryar ta mace ce, kuma tana sauri kamar an biyo ta. Baba ya rubuta cewa bai taɓa zaton zai tsufa da muryar mai karanta labarai ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya ya kira. Maganar dai ita ce: yana so Baba ya koma gidansa, can garin da yake aiki. Hujjarsa ba ta da laifi. Ɗakin ƙasa ne, ba hawa bene, matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ni kuma ina fita tun safe. Ya yi ta maimaitawa, Baba ka ce ka yarda kawai, ka ce ka yarda, sauran ka bar mana. Na sa wayar kusa da na'urar. Baba ya daɗe yana rubutu. Muryar ta ce, "Na yarda."

Yaya ya yi hamdala, ya ce ranar Asabar zai zo da mota. Baba kuwa ya bugi hannun kujera har kofin ya faɗi. Na ɗauka muryar ce ta sake ba shi haushi. Na ce zan nemo masa ta namiji.

Littafin nan nawa ne, bari in faɗa. Na ji sanyi a raina. Na gaji. Rabona da barci mai nauyi tun ranar da ya faɗi a banɗaki. Har na fara tunanin irin labulen da zan sa a ɗakinsa, sai kunya ta kama ni na je na wanke kofin.

Litinin, 10 ga Maris

Bai taɓa na'urar ba yau. Da hannu ya nuna ruwa. Ya wuni yana kallon mai facin taya ta taga, kamar yadda suke yi da Mama kafin ta rasu, ita a kujerar roba, shi a tasa, suna gardamar ko mutumin zai gama kafin mai motar ya fara faɗa.

Talata, 11 ga Maris

Har yanzu ukun nan na damu na. Na kama Injiniya kafin ya fita cin abinci. Ya ce ai mai sauƙi ne: kunnen waje na fayil ne, biyun ciki kuwa na wanda ya yi rubutun ne, fayil ɗin ya ninka shi don ya bambanta da nasa. Wato duk layin da ke da uku, mutum ne ya sa alamar da hannunsa.

Na ce Baba? Mutumin da yake rubuta "rw" maimakon ruwa don ƙyashin danna harafi biyu?

Na buɗe fayil na asali, wanda ban taɓa ba. Layukan Baba masu ukun ba su da yawa, ga abin da suke cewa: Na ji sauƙi. Ba komai. Yau na yi ƙoƙari. Maganin ba ɗaci. Na karanta su sau da yawa ban ga abin da ya haɗa su ba, ban da cewa duk magana ce mai daɗin ji.

Laraba, 12 ga Maris

Na dawo da wuri na tarar da mai gashin ƙashi tana miƙe masa hannu. Da ta gama ta ce, kamar kullum, to Baba a faɗa mana, an ji sauƙi ko? Ta tura masa na'urar. Wannan karon ban kalli fuskarsa ba, yatsan na kalla. Ya bar haruffa, ya shiga shafin lambobi, ya lalubo alamar, ya dawo, ya rubuta kalmomin, ya sake komawa ya rufe. Wahala ce sosai ga hannun da ko cokali yake zubarwa. Muryar ta ce na ji sauƙi, sumul, ba kunne ko ɗaya. Matar ta tafa masa.

Sai na tuna aikinsa. Baba magatakardan kotu ne har ya yi ritaya. Duk rayuwarsa rubuta maganar mutane yake yi, kuma bai taɓa yarda ta gauraya da tasa ba. Muna yara in na kawo ƙarar Yaya, sai ya tsayar da ni ya ce, haka ya faɗa ko haka kika ji?

Da matar ta tafi na durƙusa gabansa na ce, "Baba, in ka sa wa magana alamar nan, ba taka ba ce ko? Wadda aka sa ka faɗa ce?"

Ya kalle ni irin kallon da yake yi wa mai shaidar da ya makara. Ya rubuta, ba alama ko ɗaya: Sai yau.

Na buɗe ma'ajiyar manhajar, inda take adana rubutu kafin ta share komai. Na Lahadi yana nan. Na yarda ɗin nan a cikin kunnuwansa yake, gaba da baya. Ni ce na cire su.

Alhamis, 13 ga Maris

Gyaran ba wani abu ba ne. In bar fayil ya cire nasa kunnen na waje, in daina taɓa na ciki. Sannan in ce wa manhajar, in ta ga layi a cikin alamar Baba, ta faɗi wani abu kafin ta karanta. Injiniya ya ce a canza murya kawai. Na ce Yaya ta waya yake ji, ba zai gane ba.

Na rubuta, na gwada, ya yi. Amma na daɗe ban tura shi kan na'urar ba. Ba wanda ya sani sai ni da Baba, shi kuma ba zai iya ɗaga murya ba. In na bar ta yadda take, jibi mota za ta zo, shi ke nan. Na haɗa shayi ya huce a hannuna. Ban ji daɗin kaina ba ko kaɗan.

Na tura.

Juma'a, 14 ga Maris

Mai gashin ƙashi ta tambaye shi ko an ji sauƙi. Na'urar ta ce, "An ce in ce na ji sauƙi." Matar ta yi turus. Baba ya yi dariya da rabin bakinsa har ya ƙware, ya kuma dannawa, ya kuma. Daga baya ya rubuta mata gaskiya, kafaɗar ce ke hana shi barci. Ta ce da ta sani da tuni ta canza masa motsin.

Asabar, 15 ga Maris

Yaya ya iso kafin azahar da jakunkuna biyu da babu komai a ciki. Na so in yi masa bayani a ƙofa, ya ce bari ya gai da Baba tukun. Ya zauna a kujerar Mama. Ya ce to Baba, mun gama magana ai, ka yarda.

Baba ya danna maɓallin amsar da ya rubuta ranar Lahadi. "An ce in ce na yarda."

Yaya ya juyo kaina ya ce wane irin wasa ne wannan, Auta. Na gaya masa komai, har da layin da na rubuta na gogewa. Ban san nawa ya gane ba, amma da na ambaci kotu na ga fuskarsa ta sauya. Shi ma ai muna yara ya sha tambayar nan ta Baba, ta haka ya faɗa ko haka ka ji.

Baba yana ta rubutu duk lokacin. Mun jira. Ina kallon yatsan, bai je shafin lambobi ba. Muryar ta ce, "Nan nake so. Amma Auta ta gaji. Ku tambaye ta."

Ban san ya lura ba. Wallahi ban sani ba.

Yaya ya daɗe yana kallon taga. Ya ce zai nemo mai kwana da Baba wasu ranakun, shi ma zai riƙa zuwa. Sannan ya ce, ke fa, tsakani da Allah, za ki iya? Na ce zan iya. Ya tafi da jakunkunansa kamar yadda ya zo da su.

Talata, 18 ga Maris

Na samo muryar namiji. Baba ya ƙi, wai ya saba da mai labaran.

Mai kwanan za ta fara gobe. Labulen da na gani a shago na sayo, amma a ɗakina na rataya.

Ɗazu na koma kan abin da na rubuta ranar Asabar. Ashe da na zo wajen amsar da na ba Yaya, sai da na sa wa zan iya ɗin kunnuwa, gaba da baya. Ban ma tuna na yi ba. Na zauna da biro a hannu ina kallonsu, ina jin Baba a ɗaki yana danna ruwa, ruwa, kamar yana biya na albashi.

Na soke su. Na je na kai masa ruwan.