Ruwan Kaka a Kwalba Sittin

Itoku, Abeokuta

Zuwa ga Yayata Wuraola,

Gaisuwa mai yawa tare da durƙuso. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya gwiwar Mama? Na aiko ta hannun direban Ibadan ne saboda na san hali: waya na ƙara, Mama za ta ce a buɗe murya kowa ya ji. Ki karanta a kicin.

Ki taya mu murna, gidanmu ya yi suna. Autarmu Ashabi ta wuce mai rini, yanzu "mai fasaha" ce. Mutum dubu arba'in ke kallonta a waya tana dama kullun rogo, tana fiƙe gashin kaza, tana zana tsuntsu a farin yadi. Abin da Mama ta koya mana da ranƙwashi a bayan ƙofa, ita rabawa take da murmushi, har da maimaici. Ni ma ban ƙi ba. Tun da aka fara, zane ba ya kwana a rumfata.

Kwana tara da suka wuce ta gayyato masoyanta su ga aiki da ido. Suka ci shinkafar ofada, suka rungume randar rinin Kaka suna hoto kamar sun ga amarya. Wata mai farce kamar cokali ta ce, "Anti Ashabi, wannan warin ma fasaha ne!" Da za su tafi, aka ɗura wa kowa ruwan randar a 'yar kwalba. Kwalba sittin, Yaya. Kuma daga ƙasa aka kwaso, wurin kaurin, wai kada a ce mun yi rowa.

Kin san tun zamanin Kaka ba a haɗa sabon baban rini sai da tsohon ruwan nan, shi ke tayar da shi. Mun ƙara ruwan toka, mun zuba ganye. Shiru. Ba kumfa, ba sheƙi. Yadi ya shiga fari, ya fito kamar an wanke shi a kwata.

Saura mako uku bikin cikar Mama shekara tamanin. Anko ba ya damuna. Harshenta nake tsoro: kafin ta ajiye jaka za ta tsoma yatsa a randar uwarta ta ɗanɗana. Ki riƙe mana ita. Ki ce likita ya hana tafiya.

Ƙanwarki,
Ibironke

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso. Wato Mama ta ce ko a baro ne sai ta zo. Na ji.

Kin tambaya ina nake har aka yi wannan ɓarna. Ina wurin. Ashabi ce ta ɗura, amma ni na sayo kwalaben, ni na liƙa musu sunan rumfata. Talla na hango. Na faɗa miki, kada ki faɗa wa kowa.

Na sanar da masoyan su dawo da kwalabensu, wai za a sa musu albarka. Goma sha ɗaya suka dawo. Ɗaya an zuba mata turare. Ɗaya ta daskare a firji. Wani saurayi ya kawo tasa wayam, ya shafe a gemu.

Iya Sikira maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, ta ce, "'Yan fim, yau ba a ɗauka ne?" Ta miƙo min hodar rini ta kanti. Na karɓa, na ɓoye. Za ta ruɗi ido, amma wa ya taɓa ruɗar harshen Mama?

Ashabi ta daina cin abinci. Zama take gaban randar tana motsawa kamar mai jinya. Ta ce za ta faɗa wa mutanenta gaskiya. Na ƙwace wayar. Shekara ashirin ina kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya yi shelar asararsa ya ci riba ba.

Ki yi mana addu'a, ki kuma ɓoye takalman Mama.

Taki,
Ibironke

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiya. Ki manta da duk abin da na roƙe ki. Ki kawo Mama jibi.

Ashabi ta sace wayarta daga jakata, ta faɗi gaskiya tana kuka gaban mutum dubu arba'in. Kafin in gama zaginta, kira ya shigo daga Ilaro. Wata tsohuwar malamar makaranta ce, Adunni Shobowale. Na san ta. Ita ce mai tambayar tsiya a ƙarƙashin kowane bidiyo: tokar wane itace, motsawa sau nawa? Har suna na sa mata, Malama Me-ya-sa.

Jiya muka je. Ashe ranar da ta karɓi kwalbarta ta juye a tukunya, ta ciyar da ita yadda Ashabi ta nuna, safe da yamma. Randa uku, Yaya, kumfa na sheƙi kamar wuyan tattabara. Na ɗanɗana. Sai ga ni a tsakar gidan Kaka ina 'yar shekara shida. Ni da nake sa dillalai kuka, na zauna a ƙasa na yi nawa.

Na buɗe jaka, ta ce, "Rufe, 'yar kasuwa, ba rumfarki ba ce nan." Sharaɗinta biyu. Da hannunta za ta zuba ruwan a randarmu, kuma a gaban Mama. Sannan Mama ta dafa kanta, ta ba ta izinin zana 'yar alamar gidanmu, matsefin nan da muke sawa a bakin zane. Alamar da Mama ta hana matar ɗanta shekara goma sha biyar!

Na yi ciniki da duk dabarar da na sani. Ko gezau. Kuma randa na son kwana biyar kafin ta tashi, bikin saura tara. Babu sauran wurin ɓuya.

Ki ba Mama amala mai laushi kafin ku taso, ki sa ta a kujerar gaba. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki da ta shiga uku,
Ibironke

Af, ke da kike zaune da ita: wa Mama za ta fi saurin yafe wa, 'ya'yan da suka kashe randar uwarta, ko baƙuwar da ta raya ta?