A Mayar wa Kwamin Mahaifina da Ruwansa

Zuwa ga Injiniya mai kula da gyaran tsohon lambun dabino na hanyar Ƙuba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, an ce mini kai mutumin Katsina ne, shi ya sa na ajiye Larabci na ɗauko harshen gida. Sau uku ina zuwa ofishinku ana cewa ka fita, don haka na rubuta a fili.

Sunana Haruna, ina zaune a unguwar Harra ta Yamma, nan Madina. Dogon kwamin katakon nan da ke tsallakar da ruwan rijiya ta saman kwari zuwa dabinan ƙetare, mahaifina Isiyaku kafinta ne ya haɗa shi, bayan ya zo Hajji da ƙafa ya zauna. Tun rasuwarsa ni nake duba shi.

Na farko, na gode. Kun hana a rushe shi, kun kewaye shi da shinge. Allah ya saka.

Na biyu, a watan Rajab kun shimfiɗa bututun roba, kuka datse wa kwamin ruwa, wai kada katakon ya ruɓe. Ranka ya daɗe, a nan kuka kuskure. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Zaren dabino aka cusa tsakanin allunan, kuma ruwa ne ke kumbura su har su matse juna. Idan ya bushe, tsagewa zai yi kamar turmin da aka manta a rana. Fentin da kuka shafa masa ya yi kyau a hoto, amma fenti ba ya kashe ƙishirwa.

Na uku, ranar Juma'a na leƙa ta shingen, na hangi rana tana ratsa allunan a wuri huɗu. Mai gadi ya hana ni ko taɓawa, ni da hannuna ya san kowace gaɓa tasa. Wallahi na ji ciwo. Kai ma ka san zafin Madina, ba zai kai ƙarshen bazarar nan ba.

Roƙona biyu ne. A sakar masa ruwa ko na awa ɗaya ne kowace safiya, sannan a bar ni in shiga da zarena da gudumata in toshe inda ya buɗe.

Ka san a Baƙi'a ba a rubuta suna a kabari. Ni kaina yanzu ba zan iya nuna na mahaifina ba. Idan jikokina suka tambaye ni shi, da Larabcinsu, gindin kwamin nan nake kai su, in sa su tara hannu su sha. Bana na kai su, suka tara, babu abin da ya zubo.

Allah ya yi maka jagora, ya jiƙan magabatanka, ya shayar da kai daga Kausara.

Wassalam.

Haruna Isiyaku,
Harra ta Yamma, Madina.