Kan Akawal Ya Kumbura

Litinin, 2 ga Oktoba 2023

Tir. Ni Mansura mai haɗa humra da turaren wuta, ni ce yau da kwasar kashin doki. Wata biyar ke nan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, bakinsa ya rufe, dokinsa Akawal kuma ya dawo wuyana. Daga nesa nake watsa masa dusar shinkafa, hancina a toshe. Yaya Illo ke aiko ta daga injinsa na Argungu. Har da cika baki, wai ya ɗauke mana cin doki.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Wata mai saye ta shinshina kwalba ta ce tana jin wani abu-abu. Na san ko mene ne, warin dokin nan. Ƙazamin banza.

Asabar, 14 ga Oktoba

Fuskar Akawal ta kumbura daga ido zuwa hanci, ga ɗingishi. Yana tauna, abin na zubowa da yawu. Na kira Yaya Illo, ya ce, "Ƙiba ta, dussa ta amshe shi." Ƙiba a fuska, haƙarƙari a waje?

Baba ya ƙi kunu sai da na juya gadonsa yana hango turke.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Malam Albashir likitan dabbobi ya zo daga unguwar Nasarawa. Ya danna hancin, ya tambayi abin da yake ci. Na ce dusa. "Da mi?" Na ce ita kaɗai.

Ashe dusa zalla zuƙe ƙashi take yi har ya yi laushi ya kumbura. Wai sai harawa mai yawa, dawa kaɗan, gishiri, da wani farin gari mai gina ƙashi. Dusa kuwa a ajiye. Na ji kunya ƙwarai. Buhun Yaya ne, amma hannuna ne ya zuba.

Laraba, 25 ga Oktoba

Ɗan rainin hankali! Hure garin yake yi ya cinye dawar. Sai na jiƙa ta, ta yi laushi, na cuɗa da hannu, na miƙa masa a tafina. Leɓensa ɗumi, yawu har gwiwar hannu. Sabulu uku, lemun tsami, humra. Warin na nan.

Talata, 7 ga Nuwamba

Garin Zauro, neman harawa. Na kwance dami shida ina shinshinawa, huɗu sun yi fumfuna. Mai harawar ya ce bai taɓa ganin mai hanci irina ba. Haka na dawo gida Gwadangaji a keke napep, ganye har cikin mayafina.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Yaya Illo ya ce zai kawo masu sayen dawakin yanka. "Wanga doki ya ƙare, ki huta da wari." Wallahi na so in ce to. A gaban Baba ya faɗa, kamar Baba bango ne. Na ga hannun Baba mai lafiyar ya damƙe zanen gado.

Na ce a ba ni mako uku. Ban san me ya sa ba.

Lahadi, 10 ga Disamba

Sun zo da mota. Mai sayen ya soma latsa cinyar Akawal yana auna nama da ido, sai na ji ƙyama irin wadda kashin doki bai taɓa sa ni ba. Na kwance igiya na zagaya da shi tsakar gida. Fuskar ba ta gama saɓewa ba, amma ɗingishin ya tafi. Ya ja ni har ƙofar Baba ya zura kai. Baba ya ɗora masa hannu a hanci, sai bakin nan nasa da ya rufe ya yi wani sauti, na farko tun damina.

Na ce wa Yaya ya sallami baƙonsa, dusar kuma ya kai wa masu kaji.

Don Baba na yi, ba don wannan ƙazamin ba. Har yanzu wari yake.

Na ba shi na yamma tun ɗazu. Sai yanzu da na ɗauki biro na tuna ban wanke hannu ba.