Sunayen da Suka Ɓace a Mungadi

Jega, Lahadi, 13 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana Abban Umaima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya horo, ya gudun safe da suke sa ku? Umaima lafiya lau, haƙori na biyu ya fito, duk wanda ta samu sai ta gwada shi a jikinsa. Tunda sun karɓe muku wayoyi sai ka haƙura da rubutuna. Direban da ke kai muku albasa ya ce zai miƙa maka hannu da hannu.

Ina cikin tsoro, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Ka tuna shafin intanet da na yi wa ƙungiyar manoman rani ta su Baba, wanda ka ce na fi kula da shi fiye da kai? Shi aka yi amfani da shi bana wajen rubuta masu son fegi a fadamar da ƙungiya za ta raba. Mutanen Jega da na Aliero sun shiga lafiya. Amma da aka liƙa jerin sunaye ranar Alhamis, sai mutanen Mungadi ta Maiyama suka tarar sama da mutum saba'in babu su. Har da Inna Mairo, wadda mijinta ya rasu bara, ga 'ya'ya biyar, ga irin albasarta ya isa dashe.

Baba ne sakatare, shekara ashirin da biyu ke nan, don haka kansa abin ya faɗo. Ana cewa Malam Surajo, wato Baba, ya goge mutanen ƙauye don ya ba 'yan gari. Jiya ya dawo daga masallaci da wuri, ashe wani ne ya ƙi karɓar hannunsa. Maigarin Mungadi ya aiko cewa ranar Juma'a bayan an sauko Baba ya je ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, ya rantse cewa jerin nan shi ne abin da mutane suka rubuta, ba ragi ba ƙari.

Yau da hantsi ya kira ni zaure ya tambaye ni ko zai yiwu daga shafin ne. Abban Umaima, na ce masa a'a. Na ce na gwada shi sau ba adadi. Gaskiya ne na gwada, amma lokacin da nake faɗa ban tabbata ba. Ya ce shi ke nan, in dai na faɗa zai rantse da zuciya ɗaya.

Ka sa mu a addu'a. Na buɗe kwamfuta tun azahar ina dubawa, ban ga komai ba. In na sa sunana shiga yake lafiya.

Taka,
Mardiyya

Jega, Laraba, 16 ga Oktoba

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka lafiya, kuma ƙafar da ka ce takalmi ya ci ta warke. Mu jiki lafiya, hankali ne babu.

Daga shafina ne. Na gano, sannan na ƙara ɓata abin da hannuna.

Ranar Litinin na shiga mota zuwa Mungadi, na ce wa Baba zan dubo Inna Mairo. Na tambaye ta yadda ta yi rajista, sai ta ce ai ba ita ta taɓa wayar ba. A gidansu waya ɗaya ce mai intanet, don haka aka zauna aka sa kowa a zama ɗaya. An fara da yayan mijinta, don shi ne babba, sannan ƙannensa, sannan ita. Na zaga gida huɗu, duk haka aka yi. Wa zai sa sunansa gaban na babban gida? Kuma a kowane gida sunan babban ne kawai ya fito. Shi ya sa abin ya yi kama da zaɓe aka yi, manya sun samu, ƙanne da mata an watsar. A Jega da Aliero kowa da wayarsa, kowa kansa ya rubuta, kamar yadda ni ma nake gwadawa ina yaba wa kaina.

Bari in yi maka bayani, ko da yake na san ka da hamma in na fara. A fom ɗin akwai layi ɗaya na mutum ɗaya: suna, da wurin zaɓen ɓangaren fadamar da yake so. Wurin zaɓen nan ba ni na rubuta shi ba, ɗan kayan aiki ne da ake samu kyauta a haɗa da shafi, muna ce masa fulogin. Sai an tayar da shi yake aiki, kuma ni sau ɗaya na tayar da shi, lokacin da shafi ke buɗewa, alhali layi ɗaya ne kaɗai a wurin. Haka ma ɗan umarnin da ke saurare, wanda in mutum ya zaɓa yake ɗaukar zaɓin ya adana, a jikin layin farko kawai na ɗaura shi. In aka danna “Ƙara mutum”, sabon layi yana fitowa tsaf kamar na farko, a cika shi, a zaɓa, amma babu mai saurarensa. Sai ya tafi ma'ajiya ba zaɓin fadama. Ni kuwa da wayona na rubuta cewa duk layin da ya zo ba zaɓi a jefar da shi, kuma ban sa ya gaya wa kowa ba.

Ranar Litinin ɗin na gane haka. Jiya da safe na yi sauri na gyara, na ce duk sanda aka ƙara mutum a sake tayar da komai. Ban faɗa wa Baba gaskiya ba, cewa na yi a sake buɗe rajista na kwana biyu ko waɗanda aka rasa za su shigo, in ya so maganar ta mutu. Ya yarda, har ya ce shi zai fara sake sa gidanmu don mutane su ga ba wani abu. Ya sa kansa, ya ƙara Kawu Safwan da Yaya Nuraddeen.

Sake tayarwar nan ashe ƙara ɗaura wa layin farko mai saurare take, ɗaya bisa ɗaya. Mutum uku aka sa, sai layin farko ya tafi sau uku. Shugaban ƙungiya ya buga sabon jeri da la'asar, ga Surajo, Surajo, Surajo a jere, kowanne da fegi. Kafin magariba hoton takardar ya zaga wayoyi har Aliero. Na rufe rajistar, amma me ya rage?

Baba bai ci tuwo ba. Bai tuhume ni ba, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Cewa ya yi wataƙila hannunsa ne ya danna sau uku, tsufa ya zo. Har yanzu yana kan zai rantse a kan jerin farko, don na ce masa daidai yake. Sau biyu ina zuwa bakin ɗakinsa in dawo. Ina tsoron idonsa, ina tsoron mutanen Mungadi, amma wanda ya fi duka shi ne ya ɗora hannu kan Littafi a kan maganata.

Da kana nan da ka raka ni. Ka gaida abokan horonka.

Taka,
Mardiyya

Jega, Asabar, 19 ga Oktoba

Maigidana Abban Umaima,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Ban jira amsarka ba, na san ko ta farko da ƙyar ta isa.

Ranar Alhamis na zauna na gyara shi yadda ya kamata. Na cire mai saurare daga jikin layi na ɗora shi kan fom ɗin gaba ɗaya, kamar mutum ya zauna a zaure, duk wanda ya shigo gidan ko yau ya zo zai ji sallamarsa. Fulogin kuma sabon layi kaɗai ake tayar masa. Na gwada da mutum goma, da ashirin, a waya uku. Na kuma ajiye tsohon shafin a gefe yadda yake da laifinsa. Duk da haka na kwana ban faɗa wa Baba ba, kar ka tambaye ni dalili.

Jiya na ce zan bi shi Mungadi, bai hana ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar Maigari, maza cike, mata daga bayan danga. Baba ya yi alwala, liman ya fito da Alƙur'ani a cikin gafaka. Ina ganin Baba ya naɗe hannun riga sai na ji muryata ta fita. Na ce a dakata, ba shi ba ne, ni ce.

Na fito daga bayan danga na zo gaban tabarma. Na durƙusa na roƙi Maigari ya sa gidansa a tsohon shafin, yadda aka saba. Ya faɗi sunansa aka rubuta, ya faɗi na ƙanensa biyu, aka tura. Na nuna wa liman jerin, ya karanta da ƙarfi, sunan Maigari kaɗai. Aka sake a sabon, duka uku suka fito. Na yi bayanin Surajo uku ɗin ma. Wasu sun yi ta magana, wani ya ce ga abin da boko ke jawowa, ban ɗaga kai ba. Maigari ya tsawatar, ya ce, “To kun gani, ba Surajo na ba. A maida Littahi.” Aka yanke a soke rabon, a sake rubutawa gida gida ranar Litinin, ni da liman muna zaune. Inna Mairo ta riƙe hannuna ta bayan danga ta ce irinta zai jure kwana uku.

Muna cikin mota muna dawowa, har mun kusa Jega. Baba bai dube ni ba ya ce, “Ran Lahadi da nit tambaye ki, kin sani?” Na ce ban sani ba, amma na yi zato. Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, bai gaya wa Innarmu komai ba, da muka iso ma shi ya ɗauki Umaima yana mata wasa.

Yau da safe aka kawo takarda daga ƙungiya. Ka san tun da idonsa ya yi rauni ni ke karanta masa komai, ko ta asibiti ce. Ina tsakar gida na goge hannuna na miƙe. Ya wuce ta gabana da ita a hannu, ya sa takalmi, ya tafi gidan Kawu Safwan a karanta masa.

Sunansa ya wanku a Mungadi, na gode wa Allah. Ka rubuto mini ko layi biyu ne, ka faɗa mini yadda ake yi da wannan.

Taka har kullum,
Mardiyya