Zomayen Marigayi Malam Sule

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Binciken Jini, Kano.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ni ce Hajara, matar marigayi Malam Sule na Madadi, mai kiwon zomayenku. Ban iya boko ba, Malama Rabi ta Islamiyyarmu ce take rubuta mini, kuma na ce kar ta gyara komai.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, kai baƙo ne, ba ka san yadda ake yi ba. Da, motarku kan zo har ƙofar gida. A yi wa zomo allura, a jira makonni, a ɗebi jini a kunnensa. Tsohon likitanku ya ce daga jinin nan suke tace abin da suke gano masu gadin farko na jikin mutum da shi, waɗanda suke fara tarar cuta. Ni dai na san Malam ba ya bari a taɓa kunnen zomo sai ya ɗumama shi da tsumma. Likitan ya zauna a tabarma, ya sha fura, ya tambayi yara da sunansu. Zamani ne mai daɗi.

Na biyu. Yanzu an ce daga waje kuke sayo abin a 'yar kwalba. To, ku kuka sani. Amma kun bar mini tsofaffin zomaye uku masu lamba a kunne. Waɗannan ba a ci, na sani, ban taɓa yankawa ba. 'Ya'yansu kuwa, likita da bakinsa ya ce lafiyarsu ƙalau. Likitan ya rasu, Malam ya rasu, ba takarda.

Na uku. Yau a kasuwar Gwarzo “zomon allura” ake kiran kayana. Ba mai taɓawa. Wata mata daga Durun ta dawo mini da biyu, wai mijinta ya hana. Da su nake cin abinci.

Abin da nake so: a turo wani ya duba su, ya rubuta gaskiya, a buga hatimi, mai unguwa ya karanta wa jama'a. In ma ba sa ciwuwa, a faɗa mini, in daina ɗaukar alhakin mutane.

Kejinku biyu suna wurina, a zo a ɗauka. Tsofaffin nan uku kuma naku ne. In damina ta faɗi ban ji daga gare ku ba, zan zuba su a kwando in kawo su ofishinka da kaina.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya jiƙan magabata.

Wassalam.
Hajara Sule, Madadi.