Sunan da Na Amsa a Lakol

Talata, 2 ga Nuwamba, 2010

An gama ƙuri'ar raba-gardama shekaranjiya, kowa a Gazawa bakinsa siyasa. Ni kuwa wata takarda da aka liƙa a bangon meri, ofishin magajin gari, ce ta hana ni sakat. Gwamnatin riƙon ƙwarya za ta ɗauki nauyin matasa takwas daga yankin Agye, su yi wata tara a Maraɗi suna koyon kanikancin injin ruwa, ci da kwana duk a kanta, a ƙarshe a ba su difulom. Sau uku na karanta, har Ɗanasabe mai faci, maƙwabcin rumfata, ya ce ko hadda nake.

Shekara goma ina kwance moto, wato babur, ina ɗaurawa. Bara da injin rijiyar garinmu Gangara ya tsaya, masu furoje, wato masu aikin raya karkara, suka kawo wani mai difulom, ya kwana biyu yana zagaya shi da farar riga. Bayan ya tafi ni na tayar da shi. Da aka zo ɗaukar mai kula da injinan karkara, sai ce mini aka yi ina takardarka. Har yau abin yana ci mini rai.

Ana rufe karɓar dosiye ranar 15 ga Disamba. Takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, da sartifikan firamare. Sartifikan nan shi ne matsalar.

Laraba, 3 ga Nuwamba

Na ciro shi daga ƙasan akwati, kamar dare ɗaya zai canza. Hotona ne, da kunnuwana kamar na zomo, amma sunan Nomau Hamidu ne. Katina da takardar haihuwata kuwa Sharifu Hamidu.

Bari in rubuta, ko a takarda ne in faɗa sau ɗaya. Shekarar da aka zo ɗaukar yara lakol, makarantar boko, sunan Yaya Nomau ne maigari ya bayar daga gidanmu. Shi lokacin ya fara riƙe shanun huɗa, Baba ya ce ba zai ba da shi ba. Ni da ba na tsinana komai aka wanke, aka sa mini riga, aka ce in an kira Nomau in ce na'am. Ba mu kaɗai ba, gida nawa aka yi haka a Gangara. Shekara shida ina Nomau a aji, ina Sharifu a gida. Duk bulalar da na sha, da sunansa na sha ta.

Litinin, 8 ga Nuwamba

Na je Agye. Mushe Bakari, wato Malam Bakari a bakin Faransanci, mai karɓar dosiye a buron koyon sana'a, ya jera takarduna a tebur, ya dube ni ta saman tabarau. “Mutum biyu ka kawo mini, wuri ɗaya gare ni.” Na yi masa bayani, ya yi dariya, ya ce ni ne na huɗu a satin nan.

Ya ce sai in kai mahaifina da malamin da ya koyar da ni gaban alƙali, su shaida ni ne na zauna jarrabawar. Kuma in hanzarta, don wannan kuɗin na riƙon ƙwarya ne. In farar hula suka hau, Allah kaɗai ya san ko za su waiwayi makanikai. Babu wani zagaye na biyu da aka yi wa kowa alkawari.

Alhamis, 11 ga Nuwamba

Na ɗaura wa wani ɗan kabu-kabu birki a juye. Allah ya sa ya gwada kafin ya hau titi. Ni fa!

Juma'a, 19 ga Nuwamba

Na yi Layya a Gangara. Sai da Baba ya ci nama ya sha fura na kawo maganar. Nan take fuskarsa ta canza.

“Ni da furfurata in je gaban alƙali in ce na yi wa gwamnati ƙarya? Jandarma kake so su kwana da ni?”

Na ce Baba, shekara goma sha shida fa, wa zai kama ka? Ya ce soja ke mulki, kada in koya masa duniya. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba. Inna ta fito daga madafa tana cewa Sharifu, Sharifu. Yaya Nomau yana gefe yana gyaran igiyar amalanke, ko kai bai ɗaga ba. Haushinsa na ji ma fiye da na Baba. Shi ina ruwansa, bai san zafin takarda ba.

Asabar, 20 ga Nuwamba

Ɗanasabe ya ce ni wawa ne. In ɗauko takardar haihuwar Nomau, in yi sabon kati da hotona, shi ke nan suna ya zama ɗaya. “Yayanka me zai yi da takarda, gero zai auna da ita?” Na ce masa Allah ya kiyaye. Amma tun azahar maganar take juya mini a kai.

Laraba, 24 ga Nuwamba

Na ɗauko.

Da hantsi na je Gangara, na san suna gona wajen roron wake. Tana cikin gwangwanin madara a ɗakin Yaya Nomau, naɗe cikin leda. Larai matarsa ta dawo ɗaukar ruwa, ta ce lafiya? Na ce sifana na manta ran Sallah. Har ta taya ni nema, baiwar Allah.

Aro na yi. In an yi kati zan mayar.

Litinin, 29 ga Nuwamba

Takardar tana ƙarƙashin tabarmata, ban kai ta ko'ina ba. Sau biyu na tayar da moto zan tafi, sau biyu na kashe.

Yau na ji masu yin katin ɗan ƙasa za su sauka Gangara ran kasuwa saboda zaɓe. Inna ta aiko cewa Yaya ya zazzage ɗakinsa kaf yana neman takardar, har ya yi wa Larai faɗa ta yi kuka. Wai so yake ya yi kati ya jefa ƙuri'a da sunansa, kuma ya daina roƙon jami'an iyaka duk lokacin da zai ƙetara da wake. Ban taɓa sanin yana son wani kati ba. Gaskiya ban taɓa tambayarsa ba.

In na zama Nomau a takarda, shi kuma ya zama wa?

Juma'a, 3 ga Disamba

Yaya ya zo rumfa bayan masallaci. Ya zauna a kan tsohuwar taya, muka gaisa, ya tambayi aiki. Can ya ce, “Larai ta ce ka zo neman sifana.”

Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu. Ba zan iya kawo duk abin da ya ce ba, kaina ya ɗau zafi. Abin da na riƙe shi ne, ranar da masu lakol suka zo, cikin rumbu Baba ya saka shi ya rufe, tun safe har la'asar. Rumbunmu kuwa yana jingine da dangar ƙofar maigari, inda aka tara yara. Ya ce ƙaiƙayi ya cika masa jiki, yana son yin tari yana tsoro.

“Na ji an kira sunana sau biyu. Har na buɗe baki. Sai na ji ka amsa.”

Ya ce da aka fito da shi bai yi wa kowa magana ba kwana uku. Ya ce in ya kai shanu bayan lakol yakan tsaya jikin bango ya ji muna maimaita karatu, har ya iya ƙirga zuwa ashirin da Faransanci. Ya ƙirga mini kuwa, nan a kan taya, yana dariya. Ni ban yi dariya ba. Duk shekarun nan ina cewa ni aka zalunta, ni aka tura shan bulala, shi aka bar shi yana shan iska a daji.

Da zai tashi ya ce in riƙe takardar. “Ka fara da sunan, ƙarasa da shi. Ni gona ba ta tambayata kati.”

Na shiga na ɗauko na cusa masa a aljihu. Ya ciro, na mayar. Muna ta haka har Ɗanasabe ya leƙo ya ce dambe ne ko rawa.

Lahadi, 5 ga Disamba

Saura kwana goma, kuma ba ni da komai a hannu. Na yar da hanyar Ɗanasabe, Baba ya toshe ɗayar. Wayyo Allah.

Alhamis, 9 ga Disamba

Na bi sawun Mushe Gidaɗo, malaminmu tun aji ɗaya har aji shida, har Gidan Sori inda ya yi ritaya. Hanya ta ci mini taya ɗaya. Yana ganina ya ce, “Nomau mai kunne!” Na gaya masa gaskiya, ya ce tun ranar farko ya sani, yaro ɗan shekara takwas ba ya zuwa da haƙoran nono cike da baki. Zai zo. Amma ya ce in babu uba, alƙali ba zai saurare mu ba.

Talata, 14 ga Disamba

Tun ƙarfe takwas muna ƙofar kotu a Agye, ni da Mushe Gidaɗo. Tara ta wuce, goma ta wuce. Na ce shi ke nan, wata taran nan ba rabona ba ne. Sai ga mota daga Gangara, Yaya ya sauko, ya juya ya riƙo hannun Baba. Baba da rigarsa ta Sallah, da bargo a kafaɗa da buta, wai ko za a tsare shi.

Ban san me Yaya ya gaya masa ba. Na tambaya, ya ce ba ruwana.

Alƙali ya ce wanne ne Nomau. Yaya ya ce, “Ni ne, ranka ya daɗe,” da ƙarfi har magatakarda ya ɗago. Baba ya ce shi ya yi, yaran ba su da laifi, in ɗauri ne ga shi. Alƙali ya ce, “Baba, in na ɗaure ka sai in ɗaure rabin iyayen ƙasar nan.” Ya sa hannu.

A waje Baba ya tsaya yana gyara bargonsa, bai dubi kowa ba, ya ce, “Nomau, rumbun nan da zafi ko?” Yaya ya ce ya manta.

Laraba, 15 ga Disamba

Dosiye ya shiga. Mushe Bakari ya ce mu arba'in da ɗaya ne, wuri takwas. Ban da wannan me zai gaya mini?

Talata, 11 ga Janairu, 2011

Zaɓen kansiloli. Shiru daga Maraɗi. Wasu na cewa an karkata kuɗin zuwa hidimar zaɓe, wasu na cewa 'yan birni sun raba wuraren tun tuni. Duk wanda ya faɗa sai in yarda.

Yaya ya biyo da yamma yana nuna mini tawada a yatsa da sabon katinsa. Ya ce in karanta masa abin da aka rubuta. Na karanta. Ya ce in sake.

Alhamis, 20 ga Janairu

An liƙa sunayen. Ni ne na bakwai.

Litinin, 7 ga Fabrairu

Maraɗi. Sun ba mu shuɗiyar rigar aiki da gado mai ƙara. Injinan sun fi na Gangara girma, amma ciki ɗaya ne. Har yanzu ana raɗe-raɗin ko sabuwar gwamnati za ta ƙarasa mana wata taran. Oho, mun dai shigo.

Jiya na sayi kaye biyu na rubutu da bik, wato biro, biyu. Ɗaya ya ishe ni, ban san me ya sa na sayi biyu ba. Na dai ba direban Gangara ɗayan ya kai gida. Na rubuta haruffa biyar manya-manya a shafin farko, in mutum ya ga dama ya kwaikwaya, in bai ga dama ba Larai ta kunna wuta da shi.

Da safe malam ya buɗe rajista ya fara kiran suna. Ya ce Sharifu Hamidu. Na zauna ina kallon allo, ina jiran mai sunan ya amsa. Ya sake kira, sai da na kusa da ni ya zungure ni. Ba a taɓa kirana haka a cikin aji ba. Na ce na'am, aka yi dariya.