Hannun Sani na Hagu

Laraba, bayan isha'i

Yau na shiga mota mai tuƙa kanta, ni da ko jakina sai ya ga dama yake bin umarnina. Ta maigidan ɗana Sani ce. An aiko shi Bagwai daga Kano, ya biyo gida ya ɗauke ni. Da muka hau kwalta ya danna wani abu, ya saki sitiyari, ta ci gaba da tafiya. Na ce, "To kai albashin me kake ci?" Ya ce, "Na gadi, Baba."

Kusa da Watari saniya ta faɗo titi. Motar ta yi ƙara, wai a karɓe ta. Hannunsa na hagu ya zabura, ya kusa kamawa, sai ya janye kamar ya taɓa wuta. Na dama ne ya kama, a makare. Da ƙyar muka tsallake. Allah ne kawai ya tsare.

Na san janyewar nan, ni na koya masa. Bahago aka haifi yaron. Ci da hannun dama malamai suka ce, ni da karatuna na rabin allo na haɗa har da fartanya da jifa. Shekaru ina bin hannun nan da ludayin uwarsa.

Da muka sauka na ce, "Sani, a mota ka bar na hagun ya yi aikinsa."

Ya dubi hannun ya ce, "Ba ya jin maganata, Baba. Taka yake ji."

Gobe zai sake hawa hanya. Ban san yadda ake ba hannu haƙuri ba.